Shekarar da Sama Ta Yi Yanar Ido

A layin masu sana'a, tsakanin shagon mai walda da na tela, akwai wani ɗan siririn shago wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi gefe. Nan Mai Gilashi ya shekara talatin da 'yan kai yana yanka gilashin taga da madubi. Gajere ne mai ɗan tumbi, yatsunsa duk tabon tsofaffin yanka. Irin mutanen nan ne da dariya ke riga su isa ƙarshen labari: zai fara ba ka abin dariya, kafin ya kai wurin ya riga ya riƙe ciki yana share hawaye, sai dai ka ƙarasa wa kanka.

Wajen kawunsa ya koyi sana'ar, wani dattijo mai tsanani wanda ba ya yarda a zubar da guntun madubi komai ƙanƙantarsa, wanda kuma yanar ido ta rufe wa gani a ƙarshen rayuwarsa. Mai Gilashi ya gaji shagon, ya gaji ɗan ƙarfen yanka mai bakin lu'ulu'u, ya gaji kwalaye cike da guntayen madubi da ba wanda ya san amfaninsu.

Matarsa ma aikin taga ne ya kai shi gidansu. Ya je auna taga ɗaya, aka turo budurwa ta riƙe masa bakin tef. Da ya kawo gilashin sai ya yi kaɗan. Ya koma ya sake yankowa, ya yi yawa. A zuwa na huɗu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in wurina kake zuwa ka faɗa. Sauro ya gama da mu a ɗakin nan." Tun daga ranar yake kiranta Gwamnati, don ya gane cewa duk shawarar da zai yi wata uku yana juyawa, ita a tsaye take yanke ta. Suka haifi 'ya ɗaya, ta girma, ta yi aure a can ƙarshen gari inda take da ɗan shagon wanki da guga.

Yana da shekara hamsin da ɗaya wani madubin aski ya shigo rayuwarsa, irin mai lanƙwasar nan da ke ƙara wa fuska girma. An kawo a gyara masa baki, ya jingine shi a ƙofa yana fuskantar rana, ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa. Can sai ya ji ƙaurin tsumma. Ya leƙa shagon kusa ya ce, "Tela, wani abu na ƙonewa a wurinka."

Tela ya ɗago kai daga keke ya ce, "A wurinka dai. Dubi gwiwarka."

Wandon ya huje, hayaƙi na tashi siriri. Wani da tsaki zai yi ya tashi. Shi kuwa sai ya matsar da ƙafa ya zauna yana kallon ɗigon hasken nan a kan benci, har katakon ya yi baƙi. Da yamma ya shiga gida da hujin wando yana ta dariya, ya ce, "Gwamnati, yau na gano abin da kawu yake tara wa madubi."

Ya samo wani tsohon farantin satalayit wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa, faɗinsa ya fi tsawon Mai Gilashi kansa. Ya yanka guntayen madubin nan daidai girman akwatin ashana, guda ɗari takwas da arba'in. Wata huɗu yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya juya shi har haskensa ya faɗa inda na 'yan'uwansa ya faɗa. Mai walda ya yi wa farantin ƙafafu, ya kuma yi zoben ƙarfe a gabansa inda za a ɗora buta. Ranar gwaji farantin ya ƙona hular Mai Gilashi kafin a kai ga ɗora komai. Da aka ɗora butar shayi mai fito, minti goma sha biyu ta soma kuka.

Shi ke nan, layin ya sami abin yi. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya sai a turo faranti bakin titi, kowa ya fito da kofinsa. Mai Gilashi ya sa baƙin tabarau na masu walda, ya ɗaga agogo sama kamar alƙalin wasa, in buta ta yi fito ya yi wata 'yar rawa da kafaɗa. Shekara shida ana haka, in dai ba hadari, buta ba ta taɓa wuce minti goma sha biyu da rabi ba.

Mutum ɗaya ne ba ya yaba wa farantin, sai dai ya sha shayin: ƙanin Gwamnati, mai haɗa wa mutane sola a kan rufi, wanda kowa ke kira Injiniya.

"Yaya," in ji shi, "wannan kwanon naka ko wayar hannu ba zai yi wa caji ba."

"Kai kuma baƙin allonka ko ƙwai ba zai dafa ba. Miƙo kofin."

Sai aka shiga wata shekara, buta ta soma makara. Farko minti goma sha uku. Mai Gilashi ya ce ruwan ne ya yi sanyi. Bayan mako biyu ta kai sha huɗu, bayan wata guda ta kai sha shida. Ga sama ba gajimare ko ɗaya, ba ƙura, ba hayaƙi. Ya wanke madubai da sabulu, ya goge su da tsohuwar jarida ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓamɓare guda ɗari da yake zargi ya sa sababbi. Ya canja buta. Minti goma sha shida dai.

Tela ya fara zuwa da ɗinkinsa bakin faranti, wai kada jira ya ci masa lokaci. Wannan ya yi wa Mai Gilashi ciwo, har ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Da safe in Gwamnati ta shiga wanka, sai ya lallaɓa kicin ya ɗumama ruwa a kan gas, ya ɗura a fulas, ya ɓoye cikin jakar kayan aiki. A shago sai ya juye a buta a bayan ƙofa. Kwana biyar buta na fito a minti tara, layi na tafi. A rana ta shida yana cikin ɗurawa ya ji murya a bayansa.

"Ashe ranar taka a kicin ɗina take fitowa."

Gwamnati ce, da tawul a kafaɗa. Ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ita kuwa a shekara talatin ba ta taɓa ganin haka ba, sai ta ajiye maganar fulas ta zauna.

"Faɗa mini."

Ya faɗa mata. Ba butar kaɗai ba ce. Ɗigon hasken da ke faɗa wa gindin buta, wanda a da yake tsaf kamar an yanka da reza, yanzu gefensa ya yi dishi-dishi. Inuwarsa a ƙasa ta daina yin baƙi sosai. In ya kare rana da tafin hannu, sai ya ga wani farin zobe mai faɗi ya kewaye ta, bakinsa ja-ja kamar tsatsa. Shuɗin sama ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki. Da magariba kuwa yamma sai ta yi wani ja da shunayya ta daɗe ba ta dushe ba.

"Haka kawu ya fara," ya ce. "Ya ce komai ya yi masa zobe. Idona ne, Gwamnati. Ni nake saita farantin a karkace ban sani ba."

Ashe kwana goma ke nan yana shiri a ɓoye. Yana rufe ido ya ƙirga taku daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa famfo. Ƙullutun da ke goshinsa, wanda ya ce ƙofar shago ce, ashe kusurwar kabad ɗinta ce. Kallon da yake ta yi mata wajen cin abinci har ta tsargu ta sake ɗaurin ɗankwali, wai haddace fuskarta yake yi.

"To ka haddace?"

"Saura kunnen hagu."

"Sa takalminka."

A asibitin ido suka yi layi har azahar. Likitar mace ce, doguwa, mai magana a hankali. Ta ɗiga masa magani, ta haska fitila, ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura. Sannan ta nuna masa allon haruffa. Ya karanta layin sama, ya karanta na tsakiya, ya karanta na ƙasa, ya zarce ya karanta 'yan mitsi-mitsin rubutun da maɗaba'a ta sa a gefen allon.

"Baba, wannan ba ya cikin gwajin," in ji Likita. "Ni kaina ban san yana wurin ba. Me ya kawo ka?"

Ya kwashe labarin zobe ya faɗa mata. Sai ta ajiye biro ta yi murmushi, ta ce su biyo ta. Ta kai su baranda, ta tsayar da shi inda ginshiƙi ya kare rana daidai.

"Kada ka kalli ranar kanta, gefenta za ka duba. Zoben nan kake nufi?"

"Ke ma kina ganinsa?"

"Ina ganinsa. Mama ma ga shi tana gani. Kai ne na huɗu a watan nan. Wani direba har wasiyya ya rubuta kafin ya zo."

Ta yi musu bayani kamar yadda yayarta, wadda ke aiki a ofishin hasashen yanayi, ta yi mata. Watannin baya wani dutse ya yi aman wuta a can wata ƙasa ta bayan teku. Tokar mai nauyi ta zubo a can kusa. Amma iskar farar wuta da ya tofar ta haura sama sosai, ta wuce gajimare, ta wuce inda jiragen fasinja ke bi. A can ta zama 'yan ɗige-ɗige da suka fi garin hoda laushi, iska ta shimfiɗa su suka zagaye duniya. Da yake sun fi hadari nisa, ruwan sama ba ya kai gare su balle ya wanke su. Sai dai su sauko da kansu a hankali, shekara ɗaya, biyu, ko fiye.

"Suna tare rana ke nan?" in ji Gwamnati.

"Kaɗan suke mayarwa sama. Yawancin hasken yana isowa, sai dai wani kaso nasa ba ya zuwa a miƙe. In ya bugi ɗige-ɗigen nan sai ya watsu, ya sauko ta ko'ina."

Sai kafaɗun Mai Gilashi suka fara rawa.

"Likita," ya ce, "gilashin banɗaki."

"Na'am?"

"Gilashin banɗaki, mai dishi-dishin nan. Haske na shiga ɗaki ya cika shi, amma ba ka ganin wanda ke waje. An sa wa sama gilashin banɗaki. Ni madubina hasken da ya zo a miƙe yake iya kamawa ya tura wa buta. Wanda ya watsu kuwa, kowane madubi sai ya jefa shi inda ya ga dama." Dariya ta ci ƙarfinsa, ya dafa ginshiƙi. "Shekara talatin ina sayar da shi, aka liƙa shi a kaina ban gane ba."

Likita ta ce yayarta ta yi rabin awa tana mata bayani da zane, ba ta kai nan ba.

Daga asibitin zuwa gida Gwamnati ta sha kunya. Ya gaisa da mai gadi hannu biyu-biyu ya ce masa idonsa lafiya lau, sama ce ba ta da lafiya. A cikin bas ya karanta wa fasinjoji duk allon da aka wuce, har da lambobin waya. Ya tambayi wata tsohuwa ko ta lura inuwarta ta yi laushi. Tsohuwar ta matsa ta rungume jakarta. Da suka sauka ya ce shi ba zai taka a ƙasa kamar kowa ba, ya bi ta kan dakalin kwata yana buɗe hannuwa, mutum mai shekara hamsin da bakwai.

"Za ka karye," in ji Gwamnati.

"In na karye zan ga ƙashin da idona."

Washegari ƙarfe goma sha ɗaya ya tara layi. Ya fara da tuba: ya ɗaga fulas sama ya faɗi abin da ya aikata, mai walda ya ce dama shi ya ji shayin kwanakin nan yana ƙamshin gas. Sannan ya ɗauko tsohon madubin askin nan, wanda mai shi bai taɓa dawowa ya karɓa ba, ya tara haske a kan katako har ya yi hayaƙi. Ya sa tela ya riƙe gilashin banɗaki tsakanin rana da madubi. Nan take ɗigon ya narke ya zama wani farin fili, hayaƙi ya tsaya. Ya aika aka kira Injiniya ya zo da ƙaramin allon sola mai juya 'yar fanka. Aka kare allon da gilashin nan. Fanka ta ɗan rage gudu, ta ci gaba da juyawa abinta.

"Kun gani," in ji Mai Gilashi. "Allonsa ba ya zaɓen abinci. Ta ina haske ya zo, ci yake."

Injiniya ya gyara wuyan riga. "Yau dai da bakinka, Yaya."

"Da bakina. Amma faɗa musu gaskiya, naka bai ragu ba ko kaɗan?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce ya ragu, ɗan kaɗan, wanda sai mai duba mita kullum zai lura. Shi kuma mai duba mita ne kullum. Sau uku yana hawa rufin wani mai kantin magani yana wanke alluna, ya kwance wayoyi ya sake ɗaurawa, har ya yi wa mutumin faɗa wai tantabarunsa ne ke ɓata allunan. Mutumin ya ba da tantabarun kyauta.

Mai Gilashi ya zauna a ƙasa don dariya. "Je ka dawo wa bawan Allah da tsuntsayensa."

Daga nan surukan biyu suka haɗa kai, abin da Gwamnati ta ce ya fi zoben rana ban mamaki. Injiniya ya ce tunda hasken da ke zuwa a miƙe ya ragu, sai a ƙara masu kama shi. Ya samo faranti na biyu a gidan wani da ya yi wa aiki. Guntayen kawu suka ƙare a rabi, sai mutanen layi suka shiga kawo nasu: madubin babur, na kabad, na jakar mata. Matar tela ta wayi gari ba ta ga na ɗakinta ba, aka yi kwana biyu ana shari'a. Da aka saita faranti biyu a kan buta ɗaya, ta yi fito a minti takwas, ba fulas, ba gas.

Da yamma kuma sai su hau saman benen gidan Mai Gilashi. Gwamnati ce ta fara kai kujera ɗaya, wai za ta kwashe shanya. Kafin mako ya zagayo kujeru sun zama tara, maƙwabta na hawowa da tabarmi. Rana ta faɗi, sama ta yi ruwan lemo, ta koma ja, ta koma shunayya, fuskokin mutane duk su rine. Mai Gilashi ya tsaya a gaba yana bayani kamar shi ya ɗora abin: kilomita ashirin sama, ko fiye, can hasken ke bugawa bayan mu nan ya bar mu. Wani lokaci ya tuna cewa a can inda dutsen ya fashe akwai waɗanda toka ta rufe wa gidaje, sai ya ce Allah ya mayar musu da alheri, kowa ya amsa. Gwamnati kuma ta rantse tumatirinta na gindin katanga, wanda bai taɓa samun rana sosai ba, bana ya fi na kowace shekara. Injiniya ya ce zai yiwu hasken da ya watsu ne ke shiga lungun. Ita ta ce hannunta ne.

Sama ba ta warke rana ɗaya ba. Shuɗinta ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, jan magariba na raguwa, kujerun bene na komawa gidajensu. Buta ta sauko minti bakwai, aka yi murna. Ta sauko shida da rabi, aka ƙara murna. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin inda abin zai kai.

Wata safiya, an kusa cika shekara biyu, Mai Gilashi ya ɗora buta ya shiga shago neman sukari. Tela ya tsare shi da labari. Buta ta yi fito, ta gaji, ta yi shiru. Da suka fito ruwan ya ƙone ƙaf, marfin ya yi tsalle ya faɗa kwata, hannun roba ya narke yana ɗiga, gindin butar ya huje har ana hango sama ta ciki. Mai Gilashi ya ɗauke ta da filaya ya ɗaga, ya leƙa ta hujin. Shuɗi tsantsa, ba zobe.

"An sallame ta," ya ce. "An sallami sama daga asibiti."

Ranar ba a sha shayi ba, amma ya bi shago-shago yana nuna butar kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Gwamnati ta yanke hukunci a tsaye: faranti biyu sun yi wa layi ɗaya yawa, kafin su ƙona shagon tela a kai wa 'yarsu ɗaya, tana buƙatar ruwan zafi na wanki. Aka samo a-kori-kura. Da aka ɗora farantin a baya sai ya watsa haske a benen da ke tsallake, wata mata ta leƙo tana faɗa. Dole aka lulluɓe shi da babban zanen gado mai furanni. Injiniya ya shiga gaba kusa da direba. Mai Gilashi ya hau baya ya riƙe kusurwa biyu na zanen, ya dubi matarsa.

"Saura kusurwa biyu."

"Ni? A bayan mota, da girmana?"

"In iska ta yaye shi, duk direban da ke bayanmu sai asibitin ido."

Ta duba hagu, ta duba dama, ta tattare zani ta miƙa masa hannu. Mota ta tashi, zanen gado ya kumbura kamar zai ɗauke su. A kwanar farko Gwamnati ta ce wa direba ya rage gudu. A ta biyu, da iska ta cire mata ɗankwali ta kama shi da haƙori, sai ta buga rufin motar ta ce ya ɗan ƙara.